Dokar da ta tura iyaye mata aiki a Amurka: an samu ma'aikata, aure ya gagara

Ranar 22 ga watan Agustan 1996, a lambun Fadar White House, wata baƙar fata mai suna Lillie Harden ta tsaya gefen Shugaba Bill Clinton yana rattaba hannu a kan wata doka. Daga Arkansas aka gayyato ta, jihar da Clinton ya yi wa gwamna. A wani taron gwamnoni da aka yi kimanin shekara goma kafin nan, ya taɓa tambayarta a bainar jama'a abin da ya fi yi mata daɗi tun da ta bar karɓar tallafin gwamnati ta kama aiki. Ta ce yanzu idan aka tambayi ɗanta a makaranta sana'ar uwarsa, yana da amsar bayarwa.

Clinton ya riƙe maganar nan, ya yi ta maimaita ta a wuraren taro. Da ita aka tallata dokar da ta rusa tsarin tallafin kuɗi na talakawa mai shekara sittin da ɗoriya, aka kafa wani bisa alkawari uku: iyaye mata za su fita aiki, aure zai farfaɗo, layin masu karɓar tallafi kuma zai ragu.

Maganar ba ta zama tarihi ba tukuna. A watan Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wata dokar da ta ɗora irin wannan sharaɗi na aiki a kan inshorar lafiyar talakawa ta Medicaid, ta kuma faɗaɗa shi a kan tallafin sayen abinci. Masu goyon baya da dokar 1996 suke kafa hujja. Masu suka ma da ita.

Tallafin da aka yi don matan mamata

Tsohon tsarin, wanda aka fi sani da AFDC, ya samo asali ne daga dokar 1935 ta zamanin Shugaba Franklin Roosevelt. Waɗanda suka tsara shi matar da mijinta ya mutu suke hange. Burinsu ta zauna a gida ta riƙe marayunta, kada talauci ya sa a kwashe su zuwa gidan marayu. Wato tun asali don uwa ta zauna gida aka yi shi.

Sai zamani ya juya. Zuwa shekarun 1970 yawancin masu karɓa ba matan mamata ba ne. Zawarawa ne da waɗanda suka haihu ba aure. A daidai lokacin kuma matan masu matsakaicin hali suka fara barin jariransu a gidan reno suna tafiya aiki. Wadda ke tashi da asuba ta shiga mota, a kuma yanke mata haraji, ba ta ga dalilin da za a biya maƙwabciyarta ta zauna ba.

Ƙa'idojin tsarin ma suna da ban mamaki. A jihohi da dama, namiji mai lafiya a gida yana nufin babu tallafi. Akwai wuraren da jami'ai kan yi dirar dare su leƙa ɗaki, ko za su ga takalmi ko rigar namiji. A Alabama an yanke wa wata mata mai 'ya'ya huɗu, Sylvester Smith, tallafinta saboda wani mutum na zuwa wurinta a ƙarshen mako, alhali ba shi ya haifi yaran ba, yana ma da nasa iyalin. Sai da Kotun Ƙoli ta soke wannan ƙa'ida a 1968. Ko bayan nan, magidancin da ya yi aikin da ya wuce awa 100 a wata, iyalinsa sun fita daga tsarin. Ita kuma uwa, tun daga 1981, in ta kama aiki, bayan 'yan watanni duk dalar da ta samu sai a zare dala guda daga tallafinta.

Da irin waɗannan marubuci Charles Murray ya kafa hujja a littafinsa na 1984, inda ya ce gwamnati da kanta take saka wa zaman banza da ƙin aure. Ronald Reagan kuwa tun 1976 yake yawo da labarin wata mata a Chicago da ta damfari hukumomin tallafi da sunaye barkatai. Matar ta gaske ce, 'yar damfara ce kuma, amma a idon masu zaɓe sai ta zama fuskar duk wata uwa mai karɓar tallafi. Wani abu dai bai yi daidai da lissafin Murray ba: daga 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1990 darajar tallafin raguwa ta yi ta yi saboda tsadar kaya, haihuwa ba aure kuwa sai hawa take.

A 1994 masu karɓa sun kai ƙololuwa, iyalai kimanin miliyan 5, mutum miliyan 14, akasarinsu yara. Kuɗin da gwamnatin tarayya ke kashewa a kai bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kasafinta ba. Ba kuɗin ne ya dami Amurkawa ba. Kalmar cima-zaune ce.

Abin da dokar ta zo da shi

Sau biyu Clinton yana ƙin sa hannu a daftarin da 'yan Republican, ƙarƙashin Newt Gingrich, suka aiko masa. Na ukun ya zo saura 'yan watanni a yi zaɓe, sai ya karɓa. Manyan jami'ansa uku, Peter Edelman da Mary Jo Bane da Wendell Primus, suka ajiye aiki don nuna ɓacin rai. Sanata Daniel Patrick Moynihan ya yi hasashen za a ga yara na kwana a bakin titi.

A da, duk wanda ya cika sharaɗi haƙƙinsa ne a ba shi. Sabon tsarin, TANF, ya kawar da wannan haƙƙi. Tarayya za ta riƙa bai wa jihohi dunƙulallen kuɗi, kimanin dala biliyan 16 da rabi a shekara, kowace ta tsara yadda ta ga dama. Ba a karɓa da kuɗin tarayya fiye da shekara biyar a tsawon rayuwa. Mai karɓa sai ta yi aiki ko neman aiki na awa 30 a mako, ko 20 in tana da ƙaramin yaro. Sai ta faɗi sunan uban ɗanta don a bi shi kuɗin ciyarwa, in ta ƙi a rage mata. Baƙin da suka shiga ƙasar bisa ƙa'ida bayan dokar, har da 'yan Afirka masu cin cacar biza, sai sun shekara biyar kafin a saurare su.

Sun fita aiki, amma wa ya fitar da su?

Shekarun farko sun ba kowa mamaki. Kafin shekarar 2000 iyalai masu karɓa sun ragu da fiye da rabi. Cikin iyaye matan da ba su taɓa aure ba, masu aiki sun tashi daga ƙasa da rabi a farkon shekarun 1990 zuwa kusan biyu bisa uku. Talaucin yara ya sauko daga kusan kashi 22 cikin 100 zuwa kusan 16, na yaran baƙar fata kuma ya kai matakin da ba a taɓa gani ba. A Wisconsin, inda Gwamna Tommy Thompson ya riga kowa tsaurarawa, layin ya kusa ƙarewa ƙaf. Hasashen Moynihan bai tabbata ba, kuma adalci ne a faɗi haka.

Sai dai dokar ba ita kaɗai ke fage ba. Tattalin arzikin Amurka na cikin ganiyarsa, rashin aiki ya sauko zuwa kusan kashi 4 cikin 100, kantuna da gidajen abinci na neman ma'aikata ruwa a jallo. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa 5.15 a awa. Sannan ga wani tsari da ba ya yin suna a jarida, rangwamen haraji na EITC, wanda gwamnati ke yi wa mai ƙaramin albashi ciko da shi sau ɗaya a shekara. Dokar 1993 ta ɗaga abin da uwa mai 'ya'ya biyu za ta iya samu daga kusan dala 1,500 zuwa sama da 3,500. Wanda bai yi aiki ba ba ya samun ko sisi.

Masana tattalin arziki Bruce Meyer da Dan Rosenbaum sun gano cewa wannan ciko da sauran sauye-sauyen haraji su suka fi komai jawo iyaye mata cikin aiki kafin 1996. Wasu, irin su Henrik Kleven, sun dawo daga baya suna cewa an zuzuta rawar cikon, matsin doka da bunƙasar kasuwa ne suka yi aikin. Gardamar ba ta mutu ba. Abin da babu jayayya a kai shi ne hawan ya fara tun kafin a sa hannu a dokar, ya kuma tsaya cak da tattalin arzikin ya yi sanyi a 2001.

Irin aikin da aka samu ma abin dubawa ne. Goge-goge a otal, wankin tsofaffi a gidajen kula da su, tsayuwa a kan na'urar karɓar kuɗi. Albashi kaɗan, babu hutun rashin lafiya, lokacin aiki na sauyawa kowane mako. Yaro ya kwana da zazzaɓi, ko mota ta mutu a hanya, aiki ya tafi. Gundumar Riverside ta California ta yi suna da koyarwar “kama duk aikin da ya samu”, jihohi suka yi ta kwaikwayo. Da aka bi sawun mutanen shekaru masu yawa, sai aka ga fifikon ya dusashe, gundumomin da suka tsaya koyar da karatu da sana'a sun kamo ta.

Yaran kuma fa? Gwaje-gwajen da cibiyar bincike ta MDRC ta tattara sun nuna ƙananan yara sun ƙara ƙoƙari a makaranta, amma a inda aikin uwa ya zo da ƙarin kuɗin shiga kawai. Inda albashi ya maye gurbin tallafi ba tare da ƙari ba, babu wani canji. Matasa kuwa sun ɗan ja baya, musamman masu ƙanne, don reno ya koma kansu da uwa ta fita.

Ita Lillie Harden, shanyewar ɓarin jiki ta same ta a 2002. Ba ta samu shiga Medicaid ba, magani ya gagare ta saye. Ta gaya wa ɗan jarida Jason DeParle cewa a ƙarshe aikin bai fisshe ta ba. Ta rasu a 2014.

Aure ba ya jin umarni

Wanda ya buɗe dokar zai yi zaton ta aure ce. Da shi ta fara, tana kiransa ginshiƙin al'umma, kuma uku daga manufofinta huɗu sun taɓo aure ko haihuwa ba aure. An ware dala miliyan 100 a shekara a matsayin tukuici ga jihohin da suka fi rage irin wannan haihuwa. Jihohi sama da ashirin, New Jersey a gaba, suka hana ƙarin kuɗi ga jaririn da aka haifa uwarsa na kan tallafi. West Virginia ta ƙara dala 100 a wata ga ma'aurata. Oklahoma ta ɗebi dala miliyan 10 daga kuɗin tallafi ta buɗe azuzuwan koyon zaman aure. Gwamnatin George W. Bush ta mai da abin na ƙasa baki ɗaya, da dala miliyan 150 a shekara.

Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A 1996 kusan ɗaya cikin uku na jariran Amurka iyayensu ba su da aure. Kafin 2010 adadin ya kai kusan kashi 40 cikin 100, a nan kuma ya tsaya. Haihuwar 'yan mata masu ƙananan shekaru ta ragu ƙwarai, amma tun 1991 ta fara raguwa. Da aka auna azuzuwan auren a wurare takwas, jimillar sakamakon ba ta nuna komai ba. Oklahoma ta ɗan taɓuka, a Baltimore kuwa waɗanda suka shiga ajin zamansu ya fi lalacewa. Jihohi da yawa, har da California da ita New Jersey ɗin, sun soke dokar hana jariri ƙari.

Wani binciken da Marianne Bitler da abokan aikinta suka fitar a 2004 ya gano abin da masu dokar ba su zata ba: bayan garambawul ɗin sababbin aure sun ragu, saki ma ya ragu. Fassarar da ta fi kama hankali ita ce, macen da ta samu albashinta ba ta da gaggawar auren wanda ba shi da nasa. Wadda ke cikin aure kuma, ganin babu tallafin da za ta faɗa kai in ta fita, sai ta haƙura. Ko haƙurin nan alheri ne gare ta, ya danganta da irin mijin.

Masu bincike Kathryn Edin da Maria Kefalas sun zauna da iyaye mata sama da 160 a unguwannin talakawa na Philadelphia da kewaye. Ba su tarar da masu raina aure ba. Sun tarar da masu girmama shi har suna tsoron shigarsa da wanda zai watsa shi. Mazan da ke kusa da su, wannan ba aiki, wancan ya fito daga kurkuku, wancan yana fama da ƙwaya. Masana'antun da suka riƙe iyayensu maza sun rufe. Dokar 1996 kuwa mata ta horar, mata ta nema wa aiki. Namiji ba ta san shi ba sai a wurin bin bashin ciyarwa, kuma a jihohi da dama kuɗin da aka karɓo daga hannunsa baitulmali yake shiga a madadin tallafin da aka bayar, ba hannun uwar ɗansa ba.

Wuri guda da aka ga motsi shi ne Minnesota. A gwajin da ta yi a tsakiyar shekarun 1990, ba ta yi wa kowa wa'azin aure ba. Ta bar wa mai aiki wani kaso na tallafinsa ya haɗa da albashi, ta kuma cire ƙa'idar nan ta awa 100. A shekaru ukun farko rabuwa ta ragu sosai tsakanin iyalai masu uwa da uba, dukan mata ma ya ragu. Wani ɓangare na tasirin ya dusashe daga baya, amma ko a haka ya fi abin da azuzuwa suka samar.

Mai karatu a Kano ba baƙo ba ne ga gwamnati mai ɗaura aure. Tun 2012 Hukumar Hisbah ke shirya auren zawarawa, har da sadaki da kayan ɗaki da ɗan jari. Kano aƙalla ta gane cewa ba da baki ake riƙe gida ba. Amma tambayar da ta kayar da masu azuzuwan Amurka tana nan tana jiran kowa: bayan an watse daga biki, da me angon zai yi cefane?

Ina kuɗin suka tafi?

A nan ne dokar ta cika alkawarinta har ta zarce. A 1996, cikin kowane iyalai 100 masu yara da ke cikin talauci, kusan 68 na samun tallafin kuɗi. Zuwa 2020 sun koma kusan 21. A Texas da Louisiana da Mississippi ba su kai goma ba.

Ba dukansu aiki ya fitar ba. Dokar ta sassauta wa jiha sharuɗɗanta gwargwadon yadda ta rage masu karɓa, ba tare da tambayar inda suka nufa ba. Kuɗin da ya yi saura kuma na jiha ne. Saboda haka gwamna bai da wata riba a kan macen da aka yi wa rajista, ribarsa na kan wadda ta gaji ta koma gida. Sai aka tsawaita takardu. Aka ce sai kin kawo shaidar neman aiki a wurare kaza kafin a duba buƙatarki. Kin makara zuwa ganawa, an yanke. Arizona ta rage wa'adin shekara biyar zuwa wata 12. A unguwanni da yawa mutane sun ɗauka an daina bayarwa gaba ɗaya.

Dala biliyan 16 da rabin nan ba a taɓa ƙara ta ba, tsadar kaya ta cinye kusan rabin darajarta. Abin da ya rage ma, kusan ɗaya bisa biyar kawai ke isa hannun talaka a matsayin kuɗi. Sauran na tafiya renon yara da makarantun share fage, wanda ba laifi, da kuma toshe ramukan kasafi, har da tallafin karatun jami'a ga 'ya'yan masu hali a wasu jihohi.

Mississippi ce ta nuna iyakar abin. Tana cikin jihohi mafiya talauci, kuma har zuwa 2021 dala 170 take bai wa iyali mai mutum uku a wata, tana kuma watsi da mafi yawan masu nema. A 2020 mai binciken kuɗi na jihar, Shad White, ya bankaɗo yadda aka karkatar da miliyoyi, inda bincike ya tsaya a kan kimanin dala miliyan 77. Dala miliyan 5 daga ciki ginin filin ƙwallon raga aka yi da su a wata jami'ar jihar. Tsohon shugaban hukumar walwalar jama'a, John Davis, ya amsa laifinsa a kotu. Shekara da shekaru ana zargin talaka da cin kuɗin tallafi, ashe masu rabon ne suka fi shi baki.

Waɗanda suka ɓace daga lissafi

Masaniyar tattalin arziki Rebecca Blank ta ja hankali kan wani rukuni da ya ƙaru bayan dokar: iyaye mata marasa aiki kuma marasa tallafi, kusan ɗaya cikin biyar na masu ƙaramin ƙarfi a tsakiyar shekarun 2000. Yawancinsu masu ciwon damuwa ne, ko masu jinyar yaro mai naƙasa, ko waɗanda ba su gama sakandare ba. Edin da Luke Shaefer sun ce a 2011 gidaje kusan miliyan ɗaya da rabi na rayuwa a kan kuɗin hannu da bai wuce dala 2 ga mutum a rana ba, wasu har jininsu suke sayarwa. Meyer ya ƙaryata adadin, yana cewa in aka haɗa da tallafin abinci da kuɗin da mutane ba sa bayyanawa, kaɗan ne ke cikin wannan hali. Ko da Meyer ne ke da gaskiya, katin abinci ba ya biyan haya, ba ya sayen man mota.

Jarrabawa ta zo da karyewar tattalin arziki na 2008. Masu karɓar tallafin abinci sun tashi daga kusan miliyan 26 zuwa kusan 47 cikin shekara shida. TANF ɗan motsi kawai ya yi, a wasu jihohin ma raguwa ya ci gaba da yi ana tsaka da korar ma'aikata. Tsarin da aka gina kan sharaɗin aiki bai tanadi ranar da aikin zai ɓace ba.

Masu kare dokar, irin su Ron Haskins da ya taimaka wajen rubuta ta, na cewa a dubi jimilla: Amurka ta koma tallafa wa mai aiki, kuma in aka lissafa cikon haraji da abinci da lafiya, talaucin yara ya yi ƙasa da na 1996 nesa ba kusa ba. Gaskiya ne. Amma shi kansa Haskins ya soki yadda jihohi suka yi da kuɗin. Kuma abubuwan da suka sauke talaucin, gwamnati ce ta ƙara kashe kuɗi a kansu, ba ragewa ta yi ba. A 2021, da aka riƙa bai wa iyaye kuɗin yara kowane wata ba sharaɗin aiki, talaucin yara ya faɗo zuwa kusan kashi 5 cikin 100. Da shirin ya ƙare, a shekara guda ya haura 12.

An riga an ɗanɗana sharaɗin aiki a kan lafiya. A 2018 jihar Arkansas ta gwada shi a Medicaid, mutum kusan 18,000 suka rasa inshora cikin 'yan watanni kafin kotu ta dakatar. Masu bincike na Jami'ar Harvard ba su ga ƙarin masu aiki ba. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa suna da aikin ko uzurin da doka ta yarda da shi, shigar da bayani ta intanet ne ya kayar da su. Dokar 2025 ta ce awa 80 a wata, jihohi kuma su fara aiwatarwa zuwa farkon 2027. Ofishin kasafi na majalisar dokokin ƙasar ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 5 za su rasa inshora saboda wannan sharaɗi kaɗai cikin shekara goma.